Ina kada ya samu ruwa a Tenere?

Ran sallar da ta wuce na kai ɗiyata gidan tarihi na Boubou Hama, nan Yamai. Jama'a duk sun yi cincirindo wajen zaki da kura, rumfar ƙasusuwa kuwa daga mu sai wani tsoho. Yarinyar ta tsaya gaban wani ƙashin kai mai dogon baki, tsawonsa kaɗai ya kusa kai na mutum. Na ce mata kada ne, daga Tenere aka tono shi. Ta ɗago ta dube ni: "Baba, to ina ya samu ruwa a hamada?"

Tun ranar tambayar nan ba ta bar ni ba.

Sunan kadan nan Sarcosuchus. A Gadufawa aka same shi, cikin jihar Agadas, kuma ya rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da manyan koguna ke gudu inda yau sai rairayi. A nan ne kuma aka tono wata ƙatuwar dabba mai cin ciyawa, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500. Masana suka raɗa mata Nigersaurus. Sunan ƙasarmu ne a jikinta, jama'a! Yaran Amurka da Faransa sun san ta, namu fa?

Ni wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Gobero, wani wuri cikin Tenere. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno, wani masani ɗan Amurka, na neman ƙasusuwan dabbobi, sai suka tarar da maƙabartar mutane a bakin wani tafki da ya ƙafe tuntuni. Ga ƙayar kifi, ga ƙashin dorina, ga masun kamun kifi na ƙashi. Cikin wani kabari, wata mata da yara biyu suna kwance fuska da fuska, hannuwansu a haɗe, sama da shekara 5,000. Duk wanda ya taɓa rufe nasa ya san abin da masu binne su suka ji.

A lakwal mun haddace kogunan Turai, amma wannan sai da na yi furfura na sani, kuma yana yi min ciwo. Malamai, don Allah ku kawo ɗalibanku rumfar nan, ku yi musu bayani da Hausa da Zabarmanci, ku bar su su yi tambaya. Ni dai Asabar mai zuwa zan kwashi yaran gidanmu da na maƙwabta mu koma.