Ku daina binciken matar mai amalanke, ku bi sawun kuɗin

Wai har yanzu ana nan ana yanke wa matar nan ta Borom Sarret, fim ɗin nan na wani mai amalanke a Dakar, hukunci? Sharhin da ake ta yaɗawa tun jiya ya ce ƙarshen fim ɗin a fili yake, karuwanci ta tafi yi. To sannunku da duba, malaman ƙasa. Fim ɗin da bai wuce minti 20 ba, daraktansa ɗan Senegal, Ousmane Sembène, ya ƙarar da kusan dukkansa yana nuna yadda kuɗin yini guda suka salwanta a hannun miji, amma ku idonku na kan sawun matar da ta fita a minti na ƙarshe.

Abin da aka nuna shi ne: mijin ya dawo gida da doki babu amalanke, babu ko sisi. Ta miƙa masa jariri, ta ce ta yi alkawari za su ci abinci a daren nan, ta fice. Shi ke nan. Kyamara ba ta bi ta ba. Bashi ta tafi ci? Gidan iyayenta? Zani za ta sayar? Ko abin da kuke zargi? Duk ƙofofin a buɗe aka bar su da gangan. Wanda ya rufe uku ya bar ɗaya, zuciyarsa ya karanta mana, ba fim ba.

Ku bi kuɗin. Da safe ya ɗauki fasinjojin da suka saba hawa ba sa biya, ya yi ƙorafi a zuci kawai. Ya yi dako, ya kai mai naƙuda asibitin haihuwa, ɗan abin ya taru. Sai ga maroƙi ya wasa shi da kakanninsa, kai ya kumbura, ya zazzage masa abin da ya samu. A nan abincin dare ya mutu, tun rana na tsaka, tun kafin ɗan sanda ya shigo labarin. Me ya sa ba wannan kuke tattaunawa ba?

Za ku ce ai talaka ne, an zalunce shi. An zalunce shi mana, wa ya musa? Amma ku tuna uban da ya ɗauko da gawar jaririnsa zuwa maƙabarta. Mai gadi ya hana shiga saboda babu takardar izinin binnewa, gwarzon naku ya sauke gawar ya bar mutumin a bakin ƙofa ya yi gaba. Mutumin da ya buɗe yininsa da salla da laya, ya kuma kau da kai daga mai bara. Sembène bai yi mana waliyyi ba. Ya yi mutumin da takarda ta hana wani binne ɗansa a gabansa bai ji komai ba, sai da takarda ta ci shi shi ma. Ɗan kwalisa mai kwat ya ja shi zuwa Plateau, unguwar masu hali a Dakar inda aka haramta wa amalanke shiga, ɗan sanda ya tare shi, ya taka lambar yabonsa da ta faɗi ƙasa, fasinja ya shige mota bai biya ba, amalanke ya tafi. A 1963 ne fa, shekara 3 da samun 'yancin Senegal, kuma ɗan sandan baƙar fata ne. Bature ya tafi, iyakar da ya shata tana nan, har kiɗan fim ɗin sauyawa yake zuwa na Turawa da zarar an hau Plateau.

A hanyar komawa ya ɗora laifi a kan kowa: maroƙi, mai gawa, fasinja, birni. Tsawon fim muryarsa muke ji tana surutu a zuci. Matar jumla kaɗan ta yi, kuma ita kaɗai ce a gidan ta tashi ta nemi mafita. Tsakani da Allah, abin da ke ƙona min rai ke nan: wadda ta ɗauki nauyin cikin yara ita ake tuhuma, wanda ya sayi kirari da kuɗin cefane ana tausaya masa. Ku bi kuɗin, na ce.

Sannan masu rubuta cewa wannan ne fim na farko da ɗan Afirka ya yi, ku sassauta. Paulin Vieyra, haifaffen Benin, da abokansa sun yi fim ɗin Afrique sur Seine a Paris tun 1955, lokacin da dokar Faransa ta 1934 ke hana ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka sai da izini. Moustapha Alassane na Nijar kuma ya fitar da Aouré a 1962, nan maƙwabta, amma da wuya ka ji mai sharhinmu ya ambace shi.