Manjan Umma da 'Yan Kwana-kwanan Manchester

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadar Kaduna ya san hayaƙi ba abin tsoro ba ne. Gidan da ba a ga hayaƙinsa da yamma ba shi ne abin tausayi, ko dai babu cefane ko uwargida ta yi yaji. Da wannan tarbiyya na tafi karatu Manchester.

Umma ce ta haɗa min kaya. Rigar sanyi daga gwanjon Kasuwar Bacci aka sayo ta, wato daga Turai ta zo, ni kuma na mayar da ita garinsu. Sauran kuwa daga Kasuwar Gumi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, manja, turaren wuta, kilishi, man shanu, har da muciya. A tashar Rigasa sai da yayyena biyu suka kama min jakar. A filin jirgin Landan aka raba ni da kilishi da man shanu, don dokarsu ta hana shigar da nama da duk abin da aka yi da nono daga ƙasashe irin namu. Jami'in ya buɗe ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ɗaure da sauri ya miƙo min. Warinta ne ya cece ta.

Aka shiga Disamba. Tun Lahadin ƙarshe ta Oktoba sun mayar da agogo baya da awa ɗaya, abin da har yau Umma ba ta yarda gwamnati na da hurumin yi ba. Rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, ka idar da azahar kana ninke sallaya la'asar ta shigo, kafin ka sha ruwa magariba ta yi. Ga sanyi, ga burodi da soyayyen dankali safe da dare. Na ce yau dai tuwo zan ci ko ana ha-maza-ha-mata. Na sayo garin shinkafa a shagon 'yan Pakistan da ke titin Wilmslow, na kira Umma ta bidiyo a WhatsApp, na jingine wayar jikin gwangwanin gishiri a kicin ɗinmu na haɗaka.

"Auta, bar manjan nan ya soyu. Sai ya yi hayaƙi gafinsa ke fita."

"Umma, ai ya fara."

"Wannan ne hayaƙi? Kai dai bar shi."

Na bar shi. Da ido ya fara yaji na nufi taga, ashe tagogin gidan ɗalibai ba sa buɗuwa fiye da faɗin yatsu huɗu. Sai na yi abin da kowane mai hankali zai yi a Kaduna: na wangale ƙofa na tokare ta da kujera don iska ta shigo. To na'urar da ke rufin kicin zafi kawai take ji, ita kuwa ta hanyar ɗakuna hayaƙi take shinshina, kuma ƙofar nan mai nauyi an yi ta ne musamman don kada su haɗu. Ni na ɗaura musu aure.

Ƙarar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba. Abu na ƙarshe da na ji daga wayar shi ne, "Innalillahi, sojoji ne?" Na kashe wuta na bi ayari.

Benen kaf ya zazzago ƙasa. Wani da tawul, wata da kumfar sabulu a ka, wani ɗan Chaina rungume da kwamfutarsa. Ni kuma jallabiya da silifas, haƙora na kaɗawa, ga muciya a hannu. Na yi ƙoƙarin ɓoye ta a baya, amma muciyar Umma ba ta ɓoyuwa. Abin da ya fi ƙona min rai, babu wanda ya ce uffan. A unguwarmu da tuni an wanke ni tas, an haɗa da kakannina, an huce, an zauna an ci tuwon tare. Su kuwa sai murmushi, kowa ya kalli muciya ya kalli sama ya ce ana sanyi yau.

Kafin in gama karanta Ƙulhuwallahu 'yan kwana-kwana sun iso, manya-manyan ƙarti da hulunan kwano. Suka haura. Can sai ga ɗaya ya sauko, hannu ɗaya riƙe da ƙullin daddawa nesa da jikinsa, ɗayan riƙe da wayata. Ya tambaya ko wannan abinci ne ko wani abu ne ya mutu. Na ce abinci ne. Ya ce to akwai wata baiwar Allah a wayar nan da take ta yi musu magana tun shigarsu.

Ashe Umma ba ta kashe ba. Duk binciken da suka yi a kan idonta aka yi shi, tana yi musu sannu da aiki, tana nuna musu su sauke tukunyar kada ta kama. Na karɓa hannu na rawa.

"Auta, ka zuba albasar kuwa kafin ka fita?"

Washegari saƙon gargaɗi ya shigo, cike da ladabi, da godiya bisa haɗin kai, da maganar tara idan aka sake. A ƙasa aka tuna min cewa kunna kyandir da turare haramun ne a ɗakuna, turaren wutar Umma ya koma ƙasan akwati.

Kafin isha'i labari ya gama Tudun Wada. Kawu ya kira daga Kawo yana tambayar ko da gaske na ƙona jami'a. Umma kuwa nata labarin daban ne: a gidan biki take faɗa wa ƙawayenta cewa ma'aikatan gwamnatin Ingila sun zo har kicin ɗin Auta sun gaishe ta, yara masu ladabi, sai dai babu wanda ya iya riƙe tukunya a cikinsu.