Cire Vimy daga fasfon Kanada ba ƙaramin kuskure ba ne

Har yau abin da gwamnatin Kanada ta yi wa fasfonta a watan Mayun 2023 yana ci mini tuwo a ƙwarya. An cire hoton hasumiyar Vimy, wadda aka gina a Faransa don tunawa da sojojin Kanada da suka mutu a yaƙin duniya na farko, daga shafukansa, an cire Terry Fox, matashin da ya yi gudun tara kuɗin binciken cutar kansa da ƙafar roba, da sauran mutanen tarihi, aka cika wurin da zanen tsuntsaye da namun daji da yara suna tsalle cikin tafki. Ƙungiyar tsofaffin sojojin ƙasar, Royal Canadian Legion, ta fito ta nuna ɓacin ranta. Ministan shige da fice na lokacin, Sean Fraser, ya kare matakin da cewa sauya zane yana cikin hanyoyin toshe ƙofar jabu. Hayaniya ta tashi, ta lafa, aka ci gaba da buga fasfon yadda aka tsara.

Hujjar jabu ba ta ɗaukar ruwa. Ana iya sabunta zane a ƙara masa matakan tsaro ba tare da an taɓa abin da yake nunawa ba. Abin da ya fi damuna shi ne ra'ayin da ya samu gindin zama bayan nan, na masu cewa ai hoto ne kawai, kuma dama labarin Vimy tatsuniya ce da 'yan siyasa suka kitsa don su sayar wa jama'a kishin ƙasa. Wannan ra'ayi yanzu ya zama alamar wayewa a wasu da'irori, kuma shi nake so in tsaya a kai.

Da asubahin Litinin 9 ga Afrilun 1917, da ƙarfe biyar da rabi, cikin sanyi da ƙanƙara, rundunoni huɗu na sojojin Kanada suka fito daga ramukansu suka nufi tudun Vimy a arewacin Faransa. Karo na farko ke nan da dukkan rundunonin huɗu suka yi yaƙi tare a fage ɗaya. Jamusawa sun riƙe tudun tun 1914, kuma sojojin Faransa sun yi asarar sama da mutum dubu ɗari tsakanin matattu da raunana a ƙoƙarin ƙwato shi. 'Yan Kanada sun shafe makonni suna atisaye a wani fili da aka shata da zare daidai da fasalin tudun. An raba taswira har ga ƙananan sojoji, domin idan hafsa ya faɗi kofur ya san inda za a dosa. An haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa cikin farin dutse. Manyan bindigogi suna ta luguden wuta a gabansu, wutar tana matsawa taku ɗari duk bayan minti uku, su kuma suna biye da ita a ƙafa. Wanda ya yi sauri wutar 'yan uwansa ta cinye shi, wanda ya yi nawa Jamusawa su fito daga ramuka su tarbe shi. Zuwa 12 ga wata tudun ya koma hannunsu. Mutum 3,598 suka mutu, kusan 7,000 suka ji rauni, a kwana huɗu, daga ƙasar da yawan jama'arta wajen miliyan 8 ne kacal.

Masu kiran wannan tatsuniya suna da 'yan hujjojinsu da suke maimaitawa: kwamandan rundunar, Julian Byng, Bature ne ɗan Ingila, da yawa daga cikin sojojin a Birtaniya aka haife su, kuma Vimy ɓangare ne na babban farmakin da aka kai a yankin garin Arras, wanda bai kawo ƙarshen yaƙin ba. Duk gaskiya ne, kuma babu ɗaya daga ciki da ya rage ko gawa guda daga lissafin.

Kuskurensu shi ne suna zaton 'yan Kanada suna tuna Vimy ne saboda nasara. Wanda ya taɓa kallon hasumiyar da kyau ya san ba haka ba ne. Walter Allward, mai sassaƙa daga Toronto, ya shafe shekara 11 yana aikin gina ta, kuma bai ɗora janar a kan doki ba, bai sa bindiga tana nuna Jamus ba. Siffa mafi girma a wurin mace ce lulluɓe da mayafi, kanta a sunkuye, tana kallon kabari a ƙasanta. Ita ce Kanada tana makokin 'ya'yanta. A jikin bangon an sassaƙa sunaye 11,285 na 'yan Kanada da suka mutu a Faransa ba a san inda gawarsu take ba. Ga iyayen waɗannan, wannan bango shi ne kabarin. Shi ya sa lokacin da Sarki Edward na Takwas ya buɗe ta a 26 ga Yulin 1936, dubban tsofaffin sojoji da zawarawa da uwaye suka tsallaka teku da kuɗinsu don su halarta. Faransa ta ba Kanada filin kyauta tun 1922. Har yanzu ƙasar wurin tana nan da ramukan bama-bamai, kuma tumaki ake sakawa su cinye ciyawar wasu sassan, saboda akwai harsasai da ba su fashe ba a binne. Ɗalibai 'yan Kanada ne suke zagayawa da baƙi. A shekarar 2000, da ƙasar ta so ta binne sojan da ba a san sunansa ba a Ottawa, babban birninta, daga wata maƙabarta kusa da Vimy aka ɗauko shi. Wane ɗan siyasa ne zai iya ƙirƙiro wannan duka?

Akwai kuma masu cewa Vimy yana raba kan ƙasa, saboda Quebec, lardin masu magana da Faransanci. Lallai asarar rayukan 1917 ce ta tura firaminista Robert Borden ya kawo dokar tilasta shiga soja a wannan shekara, masu magana da Faransanci suka ƙi ta, har a 1918 sojoji suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a birnin Quebec, mutum huɗu suka mutu. To wannan ai dalili ne na a ci gaba da maganar Vimy. Yaron da bai san Vimy ba ba zai taɓa gane dalilin da ya sa Quebec take ɗari-ɗari da Ottawa ba. Haka ma ba zai san cewa 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can, sama da 4,000 sun shiga wannan yaƙi ba, irin su Henry Norwest da ya samu lambar yabo a Vimy, alhali da yawansu sun dawo gida ba su da ikon jefa ƙuri'a. Idan aka share fagen, an share masu nasara da waɗanda aka zalunta baki ɗaya.

Mu da kakanninmu suka je Kamaru da gabashin Afirka a yaƙin duniya na farko, suka je Burma a na biyu, mun san yadda abin yake idan babu bango mai ɗauke da sunaye a kusa. Sai dai ka ji an ce wane ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Kanada tana da abin da wasu suka rasa, tana kuma wasa da shi.

Me ya sa fasfo musamman? Domin Kanada ƙasar baƙi ce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta a waje aka haife su. Ba su yi firamare a can ba, ba su da kaka da ya ba su labarin yaƙin. Fasfo shi ne littafin da kowannensu zai riƙe da hannunsa, ya buɗe shi a layin filin jirgi, ɗansa ya nuna hoto ya tambaya mene ne wannan. A ce wai an cire tarihi don a yi wa sababbin 'yan ƙasa daɗi, wannan raini ne gare su. Mutumin da ya rantse ya zama ɗan ƙasa ya karɓi gadon ne da daɗinsa da ɗacinsa, kuma yana da hakkin a nuna masa. Waɗanda suke cewa ai hasumiyar tana nan a bayan takardar dala 20 su tuna cewa mutane nawa ne yanzu suke taɓa takardar kuɗi.

Ban yarda a bar maganar a hannun 'yan adawa su mai da ita makamin kamfe ba, domin mutanen da suka mutu a kan tudun ba su da jam'iyya. Gyaran ba wuya gare shi. A bugu na gaba a dawo da shafin Vimy, a ƙara na sojojin 'yan asalin ƙasa a kusa da shi, a kuma daina barin irin wannan hukunci a hannun kwamitin zane na ma'aikata ba tare da majalisa ta gani ba.