Su yaran wa ya tambaye su?

Na karanta labarin iyalin nan da suka tsallake tekun Atlantika, daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan, a ƙaramin jirgi mai tafiya da ƙarfin iska. Kowa na yaba jarumtarsu, ni kuwa yaran ne suka tsaya mini a rai. Kusan mako uku ba tudu, igiyar ruwa na watsowa har kan shimfiɗa, tukunya ma sai an maƙale ta a murhu. Da dare uwa da uba na karɓa-karɓa wajen tuƙi, kowa ɗaure da igiya kada ruwa ya sure shi. To manya su suka zaɓa, ƙaramin yaro fa? Ni sau ɗaya iska ta taso muna cikin kwale-kwale a Yawuri, wallahi har muka sauka salati nake.