Miƙa makulli ba ya goge bashin gidan Dubai

Malam marubuci, ban yarda da shawarar da ka ba masu gidan bashi a Dubai ba, wai idan farashi ya karye su miƙa wa banki makulli su huta. A wasu jihohin Amurka ne ake haka. A Dubai idan banki ya yi gwanjon gidan kuɗin bai kai ba, ragowar na wuyanka, kuma kotu na iya hana ka fita ƙasar. A 2009 gidaje sun faɗi kusan rabi, mutane suka riƙa yasar da motocinsu a filin jirgi suna gudu.

Namu na 'yan Najeriya ma ya fi muni. Dirhami, kuɗin Dubai, a ɗaure yake da dala, dirhami 3.67 a dala ɗaya. Wanda ya ci bashi dala tana naira 460 a farkon 2023, a 2024 ya biya ta sama da 1,500. Bashi ya ninka uku a naira, abin tausayi wallahi.

Tun kafin ka fara tsallake wata, je ka samu bankin a tsawaita wa'adi. Idan kuɗin haya na rufe biyan wata, riƙe gidanka. Idan kuwa sai ka sayar da gonar gado kake cikawa, sayar da gidan ko da asara, amma a rubuta yadda za a biya ragowar.