Wanda ya ƙi allurar rigakafi, a sallame shi da haƙƙinsa a hannu

A watan Oktoba na 2021 ministar ayyukan yi ta Kanada, Carla Qualtrough, ta gargaɗi ma'aikata cewa wanda aka kora saboda ƙin allurar korona, da wuya ya samu tallafin rashin aiki. A 2023 kotun tarayyar ƙasar ta tabbatar da haka a kan wani ma'aikacin asibiti: ya san doka, ya san hukuncinta, ya ƙi bi da gangan, shi ke nan. Jihohin Iowa da Florida a Amurka kuwa akasin haka suka yi, suka ce a biya wanda aka kora. Faransa ta fi su wayo. Daga 15 ga Satumba 2021 ta dakatar da ma'aikatan lafiyar da ba su yi allura ba, babu albashi, kuma tunda ba korarsu aka yi ba, babu tallafi, har zuwa Mayun 2023.

Mu nan Garwa da Marwa a Kamaru, wannan gardama ta masu abin hannu ce. CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, tana biyan fansho da kuɗin iyali da na haɗarin wurin aiki, amma ba ta da asusun marasa aiki. Abin da ma'aikaci ke fita da shi kawai shi ne wa'adin sallama da kuɗin sallama, wanda dokar ƙwadago ta 1992 ta tanadar wa wanda ya cika shekara biyu a wuri ɗaya. Da zarar mai gida ya rubuta faute lourde, wato babban laifi, a takardar kora, duka biyun sun tafi.

A nan nake da ja. Asibiti yana da damar cewa ba ya son mai jinya marar rigakafi a ɗakin jarirai, kuma ina bayansa. Mun ga yadda shan inna ya tsallako Kamaru da Chadi bayan da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003. Sai dai tsoron da ke zukatan mutanenmu yana da tushe. Gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 har yau ana maganarsa a majalisun hira. Mutumin da ya shekara goma sha biyar bai taɓa satar ko dala ba, bai dace a sa shi layi ɗaya da ɓarawon sito ba don ya ji tsoron allura, balle ma idan sharaɗin babu shi a kwantiraginsa tun farko. A raba gari, a ba shi kuɗinsa. Ɗan Kanada da aka hana tallafi yana da wasu ƙofofin gwamnati da zai ƙwanƙwasa. Namu gida zai koma, inda baki goma ke jiran buhun gero.

Dokar dai ta bar wa alƙali ya auna girman laifin, ba mai gida kaɗai ba. Wanda abin ya shafa ya riƙe takardar korarsa da takardun albashi, ya fara kai kuka wurin sufeton ƙwadago, domin sai sulhu ya gagara a can kotu ke karɓar ƙara.