Kafin a ƙara haƙa foraj a Maggiya, a fara auna ruwan da ke ƙasa

Duk mai garkar albasa a kwarin Maggiya ko na Tarka ya san wannan alama: injin da a da yake zaune a bakin rijiya, yanzu sai an haƙa masa rami an saukar da shi kafin ya kama ruwa. Ba lalacewa ya yi ba. Injin da ke tsotso daga sama ba ya jawo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Amma a tambayi mai garkar da nawa ruwan ya ja baya, kuma tun yaushe, amsar ba ta wuce "ya dai yi nisa". Ga famfunan sola suna ta ƙaruwa, su kuma ba tsadar mai da za ta tsayar da su, rana na fitowa sun kama aiki.

Ra'ayinmu shi ne kowane kwamitin ruwa a jihar Tahoua ya riƙe littafin awo, ƙananan hukumomi kuma su sa shi cikin sharuɗɗan sabon foraj, wato rijiyar burtsatse. Ruwan ƙasa ba a yi masa kintace. A yankin gabashin Yamai, masu bincike sun gano cewa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha, saboda sare daji ya ƙara kwararar ruwa zuwa tafkuna, daga can yake nutsewa. Da ba don tsofaffin awo ba, wa zai yarda?

Aikin ba ya neman kaya masu tsada. Tef mai mita 30 da ɗan ƙarfe mai rami a bakinsa, wanda ke yin ƙara idan ya taɓa ruwa, ya wadatar. A shafa fenti a wuri ɗaya a bakin rijiya, daga nan ake awo kullum, domin sauya wuri kaɗai kan kawo bambancin da ba na ruwa ba ne. A auna da asuba, kafin guga ko injin ya shiga, rana ɗaya a kowane wata. Wanda ya auna da hantsi bayan an sha ja, gajiyar rijiya ya rubuta, ba matsayin ruwa ba. Awo da gaba, wato buɗin hannuwa biyu, ma a bar shi, gaban wani ya fi na wani. Awo biyu sun fi sauran nauyi: na ƙarshen Mayu da na Oktoba. Idan shekara uku a jere damina ba ta mayar da ruwa inda yake bara ba, ana ɗiban fiye da abin da ke shiga.

Ƙarfin rijiya kuwa, jarka da agogon waya sun isa. Lita 20 cikin daƙiƙa 10 na nufin lita 7,200 a awa. A kashe injin, a duba minti nawa ruwa ke ɗauka ya komo. Yashi a gindin jarka na nuna an matsa wa rijiyar, ko matatar bututun ta fashe.

Inda ido ba ya taimako shi ne ingancin ruwa. Zartsi harshe na gane shi, amma fuloraid da naitiret, sinadaran da ke narke a ruwa masu cutarwa idan sun yi yawa, ba su da launi ko wari, tafasawa kuma ba ta fitar da su. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada fuloraid ya wuce miligiram 1.5 a lita, naitiret kada ya wuce 50, kuma kada a sami ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya cikin mililita 100. Mutanen Tibiri ta jihar Maradi sun ga abin da fuloraid ɗin foraj ya yi wa ƙasusuwan 'ya'yansu, shekaru ana sha ba a sani ba. A kwarin albasa, inda taki ke zuba a kan ruwa marar zurfi, naitiret ne abin sa wa ido, musamman saboda jarirai. Masai ya nisanci rijiya da mita 30, kuma ya kasance ta gangare.

Samfurin da za a kai ɗakin gwaji a zuba shi a kwalbar da suka bayar, a sa cikin ƙanƙara, ya isa cikin awa shida. Gwaji biyu a shekara, ɗaya bayan ruwan farko, ana iya biyansa daga kuɗin da ake karɓa a bakin famfo. Littafin ya zauna hannun kwamiti, kwafinsa ya riƙa zuwa ma'aikatar ruwa ta jiha duk wata uku, su kuma su dawo wa gari da bayanin abin da lambobin ke nunawa kafin a dasa albasa.